Ungozoma a bakin rami: yadda bakteriya ke hana sabon furotin cukurkuɗewa

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwai a kasko ya ga furotin yana lalacewa da idonsa. Farin ƙwai da ke ruwa-ruwa, har ana hango gindin kaskon ta cikinsa, kafin ka juya ya yi fari fat ya daskare, kuma ko shekara ya yi a firji ba zai koma yadda yake ba. Zafi ne ya warware naɗin furotin ɗin da ke ciki, zaruruwan suka manne wa juna suka zama curi guda. A kasko wannan karin kumallo ne. A cikin ƙwayar bakteriya kuwa ajali ne, kuma ba sai da wuta ba, domin hatsarin yana nan a duk daƙiƙar da take ƙera sabon furotin.

Furotin dai sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, a jere kamar 'ya'yan carbi. Muddin sarƙar tana miƙe babu aikin da za ta yi. Sai ta naɗe, ta ɗauki wata siffa tata mai lungu da saƙo, sannan ta zama abin da ke narka sukari, ko kwafar DNA, ko gina bangon ƙwayar. Yadin rawani in yana ninke a akwati yadi ne kawai. Naɗi ke mayar da shi rawani, kuma daga irin naɗin ake gane na ɗan sarki da na dogari. Haka furotin yake, sai dai shi babu mai naɗa masa.

Mu ɗauki Escherichia coli, wadda ake taƙaitawa E. coli, bakteriyar da ke zaune a hanjin kowannenmu, wadda kuma masana suka fi sani ciki da bai. In ta sami abinci wadatacce a ɗakin gwaji, cikin minti 20 takan rabu biyu. Ke nan a wannan ɗan lokaci dole ta ƙera furotin miliyoyi, domin kowace 'ya ta tafi da cikakken kayanta. Masu wannan aiki su ne ribosom, injina dubun-dubata da ke warwatse a cikinta. Ribosom yana bin saƙon da aka kwafo daga DNA, wato mRNA, yana karanta haruffa uku-uku, kowane uku ya ɗauko amino asid ɗaya ya liƙa a sarƙa. Da yake daga harshe mai haruffa 4 ake juyawa zuwa mai 20, sai masana suka raɗa wa aikin suna fassara. A E. coli ribosom guda kan liƙa amino asid 15 zuwa 20 a daƙiƙa.

Abin da kwalbar Anfinsen ta ɓoye

A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, Christian Anfinsen ya yi wani gwaji a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka. Ya ɗauki wani ƙaramin furotin na jikin shanu mai suna ribonukiliyes, mai amino asid 124, ya jiƙa shi a yuriya, sinadarin nan da manoma suka sani a buhun taki, tare da wani sinadarin mai tsinka ƙullin da ke riƙe da shi. Furotin ya warware, ya daina aiki. Da ya janye sinadaran, sai furotin ya sake naɗe kansa daidai yadda yake da, ya koma bakin aiki, ba tare da taimakon komai ba. Abin da wannan ya nuna shi ne tsarin naɗin yana rubuce a cikin jerin amino asid ɗin kansa. A kan haka ya sami kyautar Nobel a 1972.

Maganarsa gaskiya ce har gobe. Sai dai a ganina ta sa mutane sun saki jiki na tsawon shekaru, domin kwalbar gwaji ba ta yi kama da cikin ƙwaya ba ko kaɗan. A kwalba furotin ƙanƙane ne, cikakke ne, yana iyo shi kaɗai a ruwa mai yawa. A cikin E. coli kuwa, kowace lita ta ruwan cikinta tana ɗauke da giram 300 zuwa 400 na manyan sinadarai. Cunkoson ya fi na kasuwa ranar jajibirin Sallah.

Ga kuma matsalar lokaci, wadda ita ce gindin maganar. Sarƙa ba ta fitowa gaba ɗaya. Kai ke fara fitowa, wutsiya tana can ba a ma ƙera ta ba. Matsakaicin furotin na bakteriya yana da amino asid wajen 300, ke nan daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin a gama shi. A wurinmu wannan ƙiftawar ido ce. A wurin furotin kuwa zamani ne mai tsawo, tunda ƙaramin yanki yana iya naɗewa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. To idan abokin da ya kamata amino asid na 40 ya rungume shi ne na 260, me zai yi kafin abokin ya iso?

Ba zai zauna shiru ba. Wasu amino asid, irin su lusin da balin da fenilalanin, halinsu irin na mai ne, ba sa shiri da ruwa. A furotin da ya gama naɗi suna can a tsakiya a lulluɓe. A sarƙar da ke kan fitowa kuwa a waje suke, ruwa na taɓa su ta ko'ina, don haka duk wani mai irin halinsu da suka ci karo da shi sai su manne masa. Wani lokaci wani ɓangare ne na sarƙar tasu wanda bai dace ba, sai a yi mummunan naɗi. Wani lokaci kuma sarƙar maƙwabci ce, kuma maƙwabcin yana kusa ƙwarai, domin ribosom da yawa kan hau mRNA guda a jere, kowanne yana fitar da irin sarƙar ɗan'uwansa. Daga nan sai curi, irin na farin ƙwai.

Furotin ɗin da ke hana wannan ɓarna ana kiran su shaferon. Ron Laskey ne ya fara amfani da kalmar a 1978 a kan wani furotin na ƙwan kwaɗo, sannan John Ellis na Jami'ar Warwick a Ingila ya faɗaɗa ta a 1987 ta zama sunan dangi guda. A asali kalmar tana nufin dattijuwar da ke raka budurwa taro don kada ta faɗa hannun da bai dace ba. A Hausa 'yan rakiya ya fi zama daidai. Mai raka amarya ba ita ta zaɓi gidan ba, ba kuma za ta tare a cikinsa ba. Ta kai ta lafiya, ta juya. Shaferon ma haka: ba ya koya wa sarƙa siffarta, ba ya kuma zama a jikin furotin bayan an gama.

Ramin da sarƙa ke bi

Kafin a kai ga 'yan rakiya, ribosom ɗin kansa ya fara aikin. A shekarar 2000 Thomas Steitz da Peter Moore na Jami'ar Yale suka fitar da cikakkiyar taswirar babban ɓarin ribosom, aikin da ya kai Steitz ga Nobel ta 2009 tare da Ada Yonath da Venkatraman Ramakrishnan. Taswirar ta nuna rami a fili, daga inda ake liƙa amino asid zuwa waje, tsawonsa wajen nanomita 10, faɗinsa 1 zuwa 2 (nanomita kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita). Amino asid 30 zuwa 40 na baya-bayan nan kullum suna cikinsa a ɓoye. Akwai wani maƙoshi a ramin inda ya fi ƙunci, kuma dab da nan ne magunguna irin su eritiromaisin da azitiromaisin ke zama su toshe hanya. Wanda likita ya taɓa rubuta wa ɗayansu, a wannan rami aka yi masa yaƙin.

Ƙuncin ramin ba ya barin babban naɗi. Sarƙa tana iya murɗewa kamar igiya a ciki, kuma a 2015 ayarin Gunnar von Heijne a Stockholm suka nuna wani ɗan yanki da bai kai amino asid 30 ba yana kammala naɗinsa tun bai fito ba. Amma abin da ya fi haka girma sai ya jira waje. Ko a wajen ma, fatar ribosom tana rage masa gudu. A 2011, a ɗakin gwajin Carlos Bustamante da ke Berkeley, an kama sarƙa guda ɗaya tak da abin da za a iya kira matsefatar haske, wato hasken leza mai riƙe ƙananan abubuwa, aka ga tana jinkirin naɗewa muddin tana kusa da ribosom.

Ungozoma

A bakin ramin akwai wanda ke durƙushe yana jira. Sunansa Tiriga Fakto, a taƙaice TF, kuma sunan bai dace da shi ba. Kalmar farko tana nufin kunamar bindiga. Elliott Crooke da William Wickner ne suka gano shi a Amurka a 1987, lokacin da suke neman abin da ke sa wani furotin ya iya ratsa fatar bakteriya ya fita. Suka ɗauka shi ke tayar da fitar, suka sa masa wannan suna. Daga baya aka gane ungozoma ce: shi ne shaferon na farko da ke taɓa kusan duk wata sarƙa da ta leƙo duniya.

A 2002 ayarin Bernd Bukau a Jamus suka gano inda yake kafa ƙafa, wato wani furotin na jikin ribosom mai lamba L23 da ke daidai leɓen ramin. Bayan shekara biyu, tare da Nenad Ban na Zurich, aka ga siffarsa. Doguwar halitta ce mai amino asid 432, da wutsiya, da kai, da hannuwa biyu a tsakiya. Waɗanda suka fara ganin ta sun kamanta ta da dodo a durƙushe. Da wutsiyar yake riƙe ribosom, sai ya sunkuyo da sauran jikin a kan ramin, ya zama kamar ƙoƙo. Cikin ƙoƙon nan a yayyafe yake da tabo-tabo masu halin mai da masu son ruwa, don haka kusan kowace irin sarƙa tana samun inda za ta ɗan jingina.

Abin da ya fi burge ni game da TF shi ne arharsa. Sauran manyan shaferon duk suna cin ATP, wato kuɗin makamashin ƙwaya. Shi ko sisi ba ya karɓa. Ya kama, ya saki, ya sake kamawa. Yakan yi kamar daƙiƙa 10 a kan ribosom, wani lokaci ya saki ribosom ɗin amma ya ci gaba da riƙe sarƙar suna tafiya tare, wani TF ya maye gurbinsa a bakin rami. Kuma bakteriya ba ta rowarsa, adadinsa ya ninka na ribosom sau biyu zuwa uku. Kan nasa yana iya wani aiki na daban, juya ƙullin amino asid mai suna firolin, amma da aka cire kan gaba ɗaya bakteriya ba ta wani damu ba. Aikin yana ga hannuwa da wutsiya.

To mene ne aikin? Mutum zai zaci ɗan rakiya nagari shi ne mai gaggauta naɗi. A 2004 ɗakin gwajin Ulrich Hartl da ke Martinsried kusa da Munich suka gwada da lusifares, furotin ɗin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya yi haske. Amfanin zaɓar sa shi ne in ya naɗe daidai za a ga haske, in bai naɗe ba duhu. Da aka ƙera shi tare da TF da abokinsa DnaK, wanda shi ma shaferon ne, furotin mai kyau da aka samu ya ƙaru, amma hasken ya makara. 'Yan rakiyar sun riƙe sarƙar a sake har sai da aka gama ƙera ta. Wato taimakon nasu jinkiri ne: suna hana kai yanke hukunci kafin wutsiya ta iso. Wani gwajin matsefatar haske da ayarin Sander Tans suka yi a Amsterdam a 2013 ya ƙara haske: TF yana barin ƙananan yankuna su yi nasu naɗin na kusa-kusa, yana kuma tsare su kada su tsallaka su manne wa wani yanki mai nisa.

Shi kansa TF yana da nasa haƙurin. A 2011 ɗakunan gwajin Bukau da Jonathan Weissman suka ƙirƙiro hanyar duba duk ribosom ɗin da TF ke kai a cikin bakteriya mai rai, suka tarar ba ya kama sarƙa sosai sai ta kai amino asid wajen 100. Dalili kuwa bakin ramin ba nasa ba ne shi kaɗai. Kowace sarƙar bakteriya tana farawa da wani amino asid mai ɗauke da 'yar hula, kuma akwai furotin biyu masu aikin wanzanci a nan: ɗaya ya cire hular, ɗaya kuma sau da yawa ya yanke amino asid na farkon. Ga kuma SRP, wanda shi ma a kan L23 yake tsayawa, yana duba ko sarƙar ta jikin fatar ƙwaya ce don ya ja ribosom ɗin gaba ɗaya zuwa can. Da aka sa TF ya riƙa zuwa da wuri, sai ya tare wa wanzaman hanya. Wannan bincike ya kuma nuna cewa cikin waɗanda TF ya fi riƙewa har da furotin na fatar waje, irin wanda Crooke da Wickner suka fara gani da shi. Ashe ba su yi nisa da gaskiya ba, sunan ne kawai ya zarce.

Mai kama tsiraici

Sarƙar da ta fi ƙarfin TF tana faɗawa hannun DnaK, wani lokaci tun tana rataye a ribosom. Sunayen wannan gida ma tarihi ne ya bar mana su. A farkon shekarun 1970 Costa Georgopoulos da wasu suna nazarin wani bairus mai suna lamda da ke cin E. coli. Suka riƙa tsintar bakteriyar da bairus ɗin ya kasa hayayyafa a cikinta, suna sa wa ƙwayoyin gadon da suka lalace suna bisa abin da bairus ya kasa yi. Inda ya kasa kwafar DNA ɗinsa aka sami DnaK da DnaJ, inda ya kasa harhaɗa kansa aka sami GroE. Babu wanda ya san a lokacin cewa bairus ɗin aron 'yan rakiyar mai gida yake yi. Ta wata hanyar kuma, tun 1962 Ferruccio Ritossa a Italiya ya lura cewa zafi yana tayar da wasu ƙwayoyin gado a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Sai daga baya hanyoyin biyu suka haɗu, aka gane DnaK ɗan'uwan Hsp70 ne, furotin ɗin da zafi ke tayarwa a cikin ƙuda da mutum.

DnaK kamar awartaki ne mai murfi. In yana riƙe da ATP murfin a buɗe yake, yana kamawa yana saki da sauri. DnaJ ne ke farauto sarƙa ya kawo masa, ya kuma zuga shi ya fasa ATP ɗin, sai murfi ya rufe gam. Na uku, GrpE, ya zo ya zare ragowar, sabon ATP ya shiga, murfi ya buɗe. Sarƙar da aka saki ta sami damar gwada naɗi. In ta dace, shi ke nan. In ba ta dace ba a sake kama ta.

Yaya yake gane wanda zai kama cikin furotin iri dubbai? Ba ya tambayar suna. A 1997 ayarin Bukau suka nuna abin da yake nema ɗan gajeren yanki ne na amino asid kamar biyar masu halin mai, musamman lusin, kuma irin wannan yanki yana faɗowa a matsakaici sau ɗaya cikin kowane amino asid 36. Kusan kowane furotin yana da shi, amma a wanda ya naɗe daidai yana ciki a rufe. Ke nan DnaK tsiraici yake gani: duk wanda abin da ya kamata ya ɓoye yake waje, bai gama shiri ba. Wata ƙidaya da ɗakin gwajin Hartl ya yi a 2012 ta sami furotin iri wajen 700 da ke bi ta hannunsa a E. coli.

An daɗe ba a yarda DnaK yana da hannu a naɗin sabon furotin ba, saboda in an cire shi bakteriya tana rayuwa a matsakaicin ɗumi, zafi ko sanyi mai yawa ne ke kayar da ita. In an cire TF kuwa kamar ba a yi komai ba. A 1999 aka warware wannan, a wurare biyu a lokaci guda: Elke Deuerling a wajen Bukau, da Sarah Teter a wajen Hartl. Idan babu TF, sarƙoƙin da DnaK ke kamawa sukan ninka biyu zuwa uku, wato ya ɗauki aikin wanda ba ya nan. Idan aka cire su biyun tare, furotin iri ɗaruruwa suna curewa, kuma bakteriyar ba ta rayuwa a sama da digiri 30. Zafin hanjin mutum 37 ne. Kowannensu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa cire ɗaya bai taɓa tona komai ba.

Ɗakin halwa

Akwai 'yan tsiraru da duk wannan ba ya isar su. Su ake kai wa GroEL, kuma galibi bayan sun bar ribosom ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba duk da shi ya fi shahara. A 1989 Arthur Horwich na Yale da Hartl suka nuna cewa ɗan'uwansa na cikin yis, abin nan da ke kumbura burodi, yana taimaka wa furotin naɗewa, a shekarar kuma ayarin George Lorimer suka maimaita aikin a kwalba da GroEL ɗin kansa. Siffarsa, wadda aka gani a 1994, kamar tukwane biyu ce da aka haɗa gindi da gindi, kowace an gina ta da furotin 7, ga murfi mai suna GroES shi ma mai 7. Bakin tukunyar mai halin mai ne, yana cafke sarƙar da ba ta naɗe ba. ATP ya shiga, murfi ya hau, sai cikin ya buɗe ya kusan ninka girma, bangon kuma ya juye ya zama mai son ruwa. Sarƙa ta tsinci kanta ita kaɗai, babu maƙwabcin da za ta manne wa, na tsawon daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Ellis ya kira wurin kejin Anfinsen, domin bakteriya ta gina wa furotin 'yar kwalbar gwaji a tsakiyar kasuwa. Ɗakin ba ya ɗaukar wanda ya wuce amino asid 550 ko makamancin haka.

Binciken 2005 daga Martinsried ya ƙirga furotin iri 250 da ke shiga wannan ɗaki, 85 daga ciki ba sa naɗewa sai da shi, 13 daga cikin waɗannan kuma E. coli ba ta rayuwa sai da su. Shi ya sa GroEL ne kaɗai a cikin ukun da ba ya ciruwa a kowane yanayi. Duk da haka akwai ƙananan bakteriya irin su Ureaplasma da suka yar da shi gaba ɗaya suna zaman lafiya. Horwich da Hartl, waɗanda suka raba kyautar Lasker a 2011, sun daɗe da saɓani a kan abin da ɗakin ke yi. Horwich yana ganin kaɗaici ne kawai maganin. Hartl yana ganin ƙuncin ɗakin da yanayin bangonsa suna gaggauta naɗin wasu furotin. Ni dai ban ga abin da zai hana kowannensu yin daidai a kan furotin ɗin da ya gwada ba.

Komawa bakin rami, akwai wata dabara da ba ta buƙatar ɗan rakiya ko ɗaya. Haruffa uku-uku masu nufin amino asid guda 61 ne, amino asid kuwa 20, don haka yawancinsu ana iya rubuta su ta hanya fiye da ɗaya, kuma wasu rubutun ribosom ya fi jinkirin karanta su. A 2009 ayarin Zoya Ignatova a Jamus suka duba wani furotin na E. coli mai suna SufI, suka tarar da gungun irin waɗannan haruffa masu jinkiri a wurin da ke ba wani yanki damar naɗewa kafin na gaba ya fito. Da suka musanya su da masu sauri, jerin amino asid bai canza ko ɗaya ba, amma naɗin ya lalace. A 2015 kuma aka ga wani abu a furotin ɗin wata bakteriyar teku mai haske, Vibrio harveyi, da aka sa E. coli ta ƙera. Furotin ɗin haskenta ɓari biyu ne, LuxA da LuxB, a rubuce a jere a mRNA guda. LuxA da ya kammala yana zuwa ya kama LuxB tun yana kan fitowa, TF kuma yana tsare LuxB har sai duk fuskar da za su haɗu ta bayyana. Da aka raba ƙwayoyin gadon biyu aka kai su wurare masu nisa, haɗuwar ta ragu.

In duk an yi an kasa, akwai masu kwashe ɓarna. ClpB, zobe mai furotin 6, yana aiki da DnaK ya zaro sarƙa ɗaya-ɗaya daga curi ta tsakiyarsa, a sake ba ta dama. Wadda ta ƙi gyaruwa Lon ko ClpXP su daddatsa ta a sake amfani da amino asid ɗin. Ɗaya daga cikin hanyoyin da bakteriya ke sanin ana cikin matsala ma ta hannun DnaK ne. A zaman lafiya yana riƙe da wani furotin mai suna sigma 32, wanda shi ke buɗe ƙwayoyin gadon shaferon, yana miƙa shi a lalata. In warwararrun sarƙoƙi suka yi yawa, hannun DnaK ya cika, sigma 32 ya kuɓuta, sai a shiga ƙera ƙarin 'yan rakiya.

Masu sarrafa magani sun san wannan matsala a aljihunsu. Tun da kamfanin Genentech ya sa E. coli ta ƙera insulin na ɗan'adam a 1978, aka kuma amince da shi a kasuwa a 1982, ake tilasta wa wannan bakteriya yin furotin ɗin da ba nata ba, da yawan da 'yan rakiyarta ba za su iya ɗauka ba. Sakamakon curi ne manya da ake gani a madubin ƙara girma. A masana'antar insulin akan tattara curin, a narka shi da yuriya ko makamancinta, a bar shi ya sake naɗewa a tanki, wato gwajin Anfinsen a ma'aunin tan. A ɗakunan gwaji kuwa dabarar da kowane ɗalibi ke fara koya ita ce ya sauke zafi zuwa digiri 16 ko 18 ya bar bakteriya ta kwana, don ribosom ya rage gudu.

Tunda bakteriya ta dogara da su haka, dole a yi tunanin kai musu hari. A dangin bakteriyar da ke haddasa tarin fuka DnaK ba ya ciruwa sam, abin da ya sa masu neman sabon magani suke sa masa ido. Cikas ɗin shi ne kusan rabin jerin amino asid ɗinsa iri ɗaya ne da na Hsp70 ɗinmu, don haka abin da zai kama nasu yana iya kama namu. An taɓa zaton ƙwari sun riga mu gano hanya. Ƙudan zuma suna yin wani ɗan gajeren furotin mai amino asid 18, apidesin, wanda aka gano a 1989, yana kashe bakteriya irin su E. coli. A wajen shekarar 2000 aka ga shi da danginsa suna manne wa DnaK, aka ce ai ga sirrin. Sai kuma aka tarar bakteriyar da ba ta da DnaK ma suna kashe ta. A 2017 ayarin Alexander Mankin na Chicago da na Daniel Wilson a Jamus suka gano inda apidesin ke zuwa da gaske. Yana jira ribosom ya gama sarƙa ya sake ta, sai ya kutsa ta bakin ramin da TF ke tsaro, ya haura ciki, ya ƙulle furotin ɗin da ya zo sakin sarƙar a wurin. Irin wannan furotin mai saki kaɗan ne a cikin ƙwaya idan aka kwatanta da ribosom, don haka da an ƙulle su, sauran ribosom sai su kai ƙarshen saƙo su tsaya cak, kowanne da cikakkiyar sarƙa a rataye a bakinsa.